Hatsin Ga Ya Yi Iska

Ni mutum ne mai saurin fahimta, kuma wannan ne ciwona. Kafin ka kai rabin magana na gane inda ka dosa, na shirya amsa, na miƙa maka. A kasuwar Dogon Dutsi, inda nake sayar da siminti da kwanon rufi, halin nan ya yi mini rana. A gida kuwa ya cinye abin da har in mutu ba zan iya mayarwa ba, kuma abin ma ba nawa ba ne, na mahaifiyata ne.

Inna tana da wata maiwa da ta gada wurin tata uwar. Wanda bai tashi a Arewa ba zai ce hatsi ai hatsi ne. Ba haka ba ne. Maiwa ba ta gaggawa. Gero ya nuna, a girbe, a ɗaure, ita tana nan tsaye kore shar tana jiran ƙarshen damina. Ta Inna kuma ko a cikin maiwa ta fita daban: zangarniyarta doguwa ce, mai gashi-gashi, har tsuntsu ba ya son sauka a kanta, ƙwayarta fara, furarta kuwa ko ba sukari sai ka rantse an zuba. A ƙauyenmu, can gefen Dumega, da kowane gida yana da ita. Da damina ta riƙa ɗaukewa da wuri, mutane suka koma gero mai saurin nuna, gida-gida suka yi ta barinta, har ya rage Inna kaɗai. Ita ta tsira da ita ne domin gamanarta, wato 'yar gonar da Baba ya yanka mata, tana cikin kwari inda laima ke daɗewa. Duk shekara da kanta take bin gonar ta zaɓi zangarniyoyin iri tun suna tsaye, ta ɗaure su, ta rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi zai yi ta bugunsu har wata damina. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa wannan damin.

Akwai wani abu kuma da ta gada wurin uwar tata, shi ne ya haɗa ni da ita. Kakata 'yar bori ce, ta gaske, wadda ake zuwa nema daga nesa. Inna ba ta taɓa hawa ba, amma a bayan ɗakinta akwai 'yar tukunya a kife ƙarƙashin wata aduwa, ta doguwar gida, kuma bayan girbi akan zuba mata fura, wani lokaci a yanka kaza. Da na shigo gari na fara ciniki, sai na faɗa cikin samarin da ke zuwa karatun hadisi bayan la'asar. Ban yi nadamar karatun nan ba, har gobe. Abin da nake nadama shi ne yadda na ɗauko shi da zafinsa na kai gida na juye wa tsohuwa. Wata da watanni ina yi mata wa'azi, in zo da safe, in dawo da yamma. Ranar da ta gaji, ta ɗauki taɓarya ta fasa tukunyar da hannunta, ta ce, “Shi ke nan, Malam, na bari.” Daga ranar take kirana Malam. Ni ɗan fari ne, dama ba ta faɗin sunana, kuma har yau ban san ko girmamawa ce ko ba'a ba. Ta kuwa bari ɗin. Ban taɓa kama ta da komai ba, ko da yake, Allah ya yafe mini, na daɗe ina yi mata dako.

Da Baba ya rasu na ɗauko ta zuwa gari, da sharaɗin da ta kafa cewa duk damina za ta koma ƙauye ta noma gamanarta. A shekarar na gama ginin gidana. Gida ne na siminti, da silin, da tayil, matata na girki da gas, kuma a ƙofar gida na yi magaza ta ajiyar kaya: ɗaki guda, ƙofar ƙarfe, babu taga ko ɗaya saboda ɓarayi. Ina alfahari da magazar nan fiye da ɗakin kwanana. Duk baƙon da ya zo sai na buɗe masa ita ya gani.

A wannan kakar ruwa ya yi wani jinkirin ɗaukewa, har ya sauka sau biyu a kan hatsin da aka riga aka girbe. Inna ta iso tasha da daminta na iri ɗaure a saman mota, ta sauko tana dubansa tun kafin ta dubi jikarta. Muna shiga gida ta nufi ɗakin girki, ta ɗaga kai tana neman inda za ta rataye. Babu azara, babu hayaƙi, sai farin silin. Ta ce to a kafa mata ƙusa a bango. Na ce wannan damin zai tara mini ɓeraye da ƙwari a sabon gida, a sussuke shi a zuba a buhu, in ajiye mata a magaza inda ko tururuwa ba ta shiga.

“Ba a sussukar iri sai ranar shuka,” in ji ta. “Kuma bai ida bushewa ba, ruwa ya taɓa shi.”

Na murje ƙwaya ɗaya na kai baki na ciza, ni da ban taɓa ajiye iri ba a rayuwata, na ce ya bushe. Na kira mata biyu daga unguwa suka sussuke, suka sheƙe. Na nemo buhun sukari mai leda a ciki, wai don ya fi tsaro, na ɗaure bakin, na jingine shi a kusurwar magaza, a kan daɓen da bai yi wata guda da zubawa ba. Na ja ƙofa na kulle, na jefa makulli a aljihu. Inna tana tsaye tana kallo.

Bayan kamar wata ɗaya da rabi, wata safiya na buɗe magaza zan fitar da kwano, Inna ta zo wucewa da butarta. Ta yi turus a bakin ƙofa. Ta shaƙa sau ɗaya, ta juya kai gefe ta sake shaƙa. Sannan ta shiga, ta wuce siminti, ta wuce kwano, ta tsaya a kan buhunta.

“Malam, hatsin ga ya yi iska.”

Ga inda saurin fahimtata ya kashe ni. A Hausa iska ita ce wadda ke kaɗa ganye, ita ce muke shaƙa. Amma a Arewa, a bakin ɗiyar 'yar bori, idan aka ce iska, kunnena abu ɗaya yake ji. Nan take na hango fasasshiyar tukunyar nan tana haɗa kanta. Na hango kaza, na hango jini a ƙofar magazata, na hango abokan karatuna suna wucewa suna kallo. Raina ya ɓaci tun kafin ta rufe baki.

“Wace iska kuma, Inna?”

“Iska dai. Ba ka ji ta ba?”

Na shaƙa don in ƙure ta. Warin siminti na ji, da na ƙarfe. Na ce babu komai.

“Iskar tana nan,” in ji ta. “A hiddo shi rana. Kwana biyu ɗai, ko uku, a shanya bisa tabarma, a buɗe ɗakin ga shi sha iska.”

Ku duba, a cikin numfashi ɗaya ta faɗi kalmar sau biyu, ta biyun kuma babu mahaukacin da zai ce aljani take nufi. Amma ni na riga na gane, wanda ya riga ya gane kuwa ba ya saurare. Na ce mata yau shanya ce, gobe turare, jibi kaza. Na ce na san hanyar nan, daga ƙarami take farawa. Na tuna mata alkawarinta.

Ta dube ni. “Na ce a yanka wani abu? Rana nic ce. Rana ma shirka ta?”

Da ina da hankali da wannan tambayar ta tsayar da ni. Sai ma ta ƙara tunzura ni. Na kwance bakin buhun da fushi, na ɗebo hatsi cike da hannu na kai mata gaban ido. Fari tas, babu ƙwaro, babu baƙi, babu komai. Na ce ta nuna mini iskar. Ta ce ai ba a ganinta. Na ce to abin da ba a gani Allah kaɗai ke maganinsa. Na karanta abin da ya sawwaƙa na tofa a cikin buhun, na ɗaure, na kulle ƙofa. Har da jin daɗi na tafi kasuwa, wai na kare gidana.

Ta sake magana bayan mako biyu. Wannan karon ko buɗe ƙofar ba a yi ba, ta ƙasan ƙofa ta ji. Ta ce iskar ta sauya, da kamar ƙasa in ruwan fari ya taɓa ta, yanzu ta fara tsami. Ta roƙe ni makulli, ta ce ita kaɗai za ta ja buhun, ba ta son taimakon kowa. Uwata, a gidana, tana roƙona makulli don ta shanya abinta a rana. Na ce kayan mutane ne a ciki, ba na ba da makulli. Ban tsaya nan ba. Na ce mata idan tana kewar abin da ta bari ta faɗa a fili, ta daina fakewa da hatsi. Can ta ce, “Allah shi ba ka haƙuri, Malam,” ta shiga ɗakinta. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin nasara.

Bari in tsallake shekaru in faɗi abin da na sani yanzu, sannan in dawo. Ɗiyata ta fari, wadda a lokacin take rarrafe, yau tana jami'a a Yamai, kuma cikin duk abin da ke duniya ba ta zaɓi karanta komai ba sai yadda hatsi ke lalacewa a ajiya. Ba ta san labarin nan ba, ba wanda ya taɓa gaya mata. Hutun bara muna zaune a tsakar gida bayan la'asar na tambaye ta me suke yi a labo, ɗakin gwaje-gwajen nasu, duk yini. Ta gyara zama, irin na yaran da suka sami mai saurare.

Ta ce fumfuna abu ne mai rai, yana ci yana numfashi. Tun kafin ido ya ga wannan kore-koren ko toka-tokan, zarenta da ya fi gashi siranta ya riga ya shige cikin ƙwaya. Kuma ba ko'ina take fara nufa ba, sai idon ƙwayar, wurin da tsiro ke fitowa, domin nan ne mai ya fi yawa. Ta ce hatsi irin namu yana da mai sosai, shi ya sa garinsa ba ya daɗewa. Fumfuna tana fitar da wasu sinadarai da ke yanka man nan gunduwa-gunduwa don ta ci, ƙananan gunduwoyin kuwa ba su da nauyi, sai su tashi su bar ƙwayar. Su ne hanci ke kamawa. Wanda ya fito daga man yana warin naman kaza, wannan mai tsirowa a juji da damina. Akwai wanda fumfunar ke ƙerawa da kanta, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. In ta koma kan garin ƙwayar kuma a wurin da babu sarari, sai a ji tsami-tsami. Ta ce warin yakan sauya yayin da fumfunar ke girma, har wanda ya ƙware zai iya gane inda ɓarnar ta kai. Ta ce yanzu ma ana ta ƙoƙarin ƙera na'urar da za ta riƙa sansana buhu ta faɗa tun da wuri, domin in aka ji da wuri aka shanya, ana iya ceton mafi yawa.

Na tambaye ta mene ne sunan abubuwan nan masu tashi. Ta faɗa da Faransanci, wani dogon suna mai kalma uku. Na ce da Hausa fa? Ta yi dariya, ta ɗan yi tunani.

“Bon, Baba, ba mu da shi. Abu na da ba a gani, yana hita jikin hatsi yana yawo cikin ɗaki. Mi za ka ce? Iska dai.”

Na tashi na shiga ɗaki, na bar ta tana tambayar uwarta ko ta faɗi wani abu ne. A lokacin Inna ta shekara uku a ƙasa. Har yau ban san me ke zuciyarta ranar da ta faɗi kalmar ba. Mai yiwuwa a wurinta babu wani shinge tsakanin iskar da iskar. To sai me? Ko me ta kira abin, ta ji shi, ta san maganinsa, kuma maganin rana ce da tabarma. Abin da ke ci mini rai ke nan. Za a ƙera ƙarfe ya yi abin da hancinta ya yi a bakin ƙofata, a tafa masa, ni kuwa na tsaya a kanta ina neman kaza a bayan maganarta.

In koma wancan lokaci. Ruwan shuka ya sauka, na buɗe magaza don in ɗauko buhun in kai ta ƙauye. Ina kwance bakin, warin ya bugi fuskata. Yanzu ko mai mura zai ji. Saman hatsin ya dushe, ledar ta yi gumi, can ƙasa kuma ya dunƙule ya yi toka-toka. Inna ta sa hannu ta ɗebo, ta duba, ta ce, “Hunhuna ta,” kamar mai faɗin sunan baƙon da ta daɗe da sanin yana hanya. Shi ke nan abin da ta ce.

A ƙauye ta zauna kwana biyu da faifai tana tsince ƙwaya ɗai-ɗai, tana ware waɗanda suka fi haske. Na bar shago na zauna tare da ita, wai ina taimako. Na riƙe sungumi ina sara, tana bina tana zubawa tana rufewa da diddige, kuma a kowane rami ta zuba ninkin abin da ta saba. Kwana huɗu geron maƙwabta ya huda ƙasa. Gamanar Inna shiru. Kwana shida, shiru. Ran na takwas na same ta durƙushe tana tona rami da yatsa. Ta fito da ƙwayoyin sun kumbura sun ruɓe, ta murje su, ta matsa rami na gaba. Haka ta bi layi guda har ƙarshe.

A duk gonar ramuka kaɗan ne suka tsiro, ba su cika yatsun hannu biyu ba, su ma rawaya-rawaya, sirara. Ta kewaye su da ƙaya saboda awaki. Da ruwa ya yi fashi, ta riƙa ɗauko buta daga rijiya tana ba su safe da yamma, tsohuwa tana shayar da maiwa kamar mai lambun albasa, mutane na wucewa suna kau da kai don kunya. Na ce in sa a kawo mata ruwa a amalanke, ta ce a'a. Ɗaya bayan ɗaya suka kwanta. Na ƙarshen ya kai tsawon tafin hannu kafin ya bushe.

Muka shiga nema. Na ɗauke ta a mota muka bi ƙauyenmu gida-gida, muka tafi garin uwarta, muka tafi inda ƙannenta suka yi aure. Ko'ina tsofaffi sun san maiwar, har su kwatanta gashinta da hannu, su yabi furarta, sannan su ce, “Ai ke ɗai kinka rage da ita. Mu da muke cewa in mun so mu zo wurinki.” Sai su tambaya me ya same ta. Ina zaune a gefe ina jiran ta nuna ni. Sai ta ce ruwa ne ya taɓa ta a kaka. Ko sau ɗaya ba ta ambaci magaza ba. Wallahi da ta zage ni a gabansu, da ta tsine wa gidan da silin ɗinsa, da na fi samun sauƙi. Ba ta ba ni wannan ba.

Damina na tafiya, gona ba za ta kwana fayau ba. Ranar kasuwar Kore Mairuwa na ce mu je ta sayi irin gero, ko wanne, a rufe ƙasa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa sayen iri ba. Ta yafa mayafi ta shiga mota.

Muka tsaya gaban wani dattijo mai buhuna uku a buɗe. Ya san ta, ya gaishe ta da girma, ya ce yau ga masu hatsi da kansu sun zo, sai ya yi hankali. Ya cika tafinsa daga buhun tsakiya ya miƙa mata. Ba ta fito da hannunta daga mayafi ba.

“Ba Malam shi duba,” ta ce. “Shi as sani.”

Dattijon ya dube ta, ya dube ni, ya juye mini hatsin a hannu. Na jira ta ɗago, ba ta ɗago ba. A tsakiyar kasuwa, mutane na ture ni ta ko'ina, na kai hatsin nan hancina na shaƙa, na sake shaƙa. Ban ji komai ba, ban ma san abin da ake nema a ji ba. Na ce yana da kyau, aka auna.